'Yar rautar hEX a gindin ƙarfen sabis: abin da na gani bayan damina biyu

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da na ɗaure wata 'yar rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet tsakanin na'urori, ta kamfanin MikroTik, wadda suke kira hEX, samfurin RB750Gr3, a cikin akwatin ƙarfe a gindin kowane ƙarfen sabis da nake kula da shi. Abokan sana'a sun sha tambayata ko ta biya kuɗinta, musamman wajen shiga rediyoyin da ke can sama daga nesa ba sai mutum ya tada mota ba. Amsar ba ta ƙarewa a waya, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na gani, da daɗinsa da wahalarsa.

Aikina ba babba ba ne. Ƙarfe uku nake riƙe da su: ɗaya a saman benen da ofishina yake a cikin Kano, ɗaya a wajen Gezawa, ɗaya kuma a hanyar Kura. Kowanne na ɗauke da rediyoyin kamfanin Ubiquiti masu aika intanet ta iska a kan 5 GHz, wasu na watsawa ga unguwa, wasu masu faranti na haɗa ƙarfe da ƙarfe. Na Gezawa daga cikin gari yake sha. Na Kura kuwa yana da nasa intanet daban, saboda gine-gine da bishiyoyin da ke tsakani sun hana faranti ganin faranti. Masu amfani da layin makarantun kuɗi ne, da wani ƙaramin asibiti, da shagunan buga takardu da cike fom ɗin jarrabawa. Mutane ne da idan layi ya tsaya awa ɗaya, abincin ranar ya taɓu.

A da, duk kiran da ya shigo tafiya ce. A ce maka “sabis ya yi nauyi”, ka ɗauki kwamfuta da kebul, ka bi cunkoson 'Yan Kaba ko na Na'ibawa, ka isa ka tarar abin da ake buƙata bai wuce sauya tasha ɗaya ba, aikin minti biyu. Ina jurewa har ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. A watan da ya biyo baya na zauna da littafin kashe-kashena, na ga mai kaɗai na neman cinye ribar ƙarfen Gezawa. Daga nan na shiga neman mafita da gaske.

Ita kanta na'urar ba ta da wani kwarjini. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, jikinta roba ne, tana da bakin kebul biyar masu gudun gigabit, da bakin USB ɗaya, da wurin saka ƙaramin katin ajiya. Kamfanin da ke yinta na birnin Riga ne a ƙasar Latbiya, tun 1996 suke wannan sana'a. Farashinta a wurinsu kusan dala 60 ne. Abin da za ka biya a Beirut Road kuwa ya danganta da inda dala ta kwana a ranar. Abin da ya fara jan hankalina shi ne tana karɓar wuta daga bolt 8 har zuwa 30, kuma abin da take ja bai wuce wat 5 ba idan ba ka rataya mata komai ba. Ke nan ba ruwanta da inbata. Daga batirin sola kai tsaye na ja mata waya, na sa fis a tsakani. Ko inbata ta ɗauke, ita tana nan a raye, kuma wannan kaɗai ya sha fitar da ni kunya.

Amma ba a jikin roba gizo ke saƙar ba. Tambayar ita ce, ta wace hanya za ka isa gare ta kana gida?

Hanyar da yawancinmu muka fara koya ita ce a nemi adireshin IP na fili, a buɗe ƙofar Winbox, manhajar da ake saita na'urar da ita, wato ƙofa mai lamba 8291, ga duk duniya, a sa kalmar sirri a ce an gama. Ina roƙon duk wanda ke karanta wannan kada ya yi haka. A watan Afrilun 2018 an gano wata ɓaraka a Winbox da ke ba ɓarawo damar kwashe sunaye da kalmomin sirri ba tare da ya shiga ba. Kamfanin ya toshe ta cikin gaggawa a RouterOS 6.42.1, wato sabon zubin manhajar da ke tafiyar da na'urar, amma dubun-dubatar na'urorin da masu su ba su sabunta ba sun faɗa hannun miyagu, da yawa a Brazil, aka riƙa haƙar kuɗin kirifto da su. Har a 2021 an ga ragowar irin waɗannan na'urori cikin rundunar da aka sa wa suna Mēris, kalmar da ke nufin annoba da yaren Latbiya, ana kai wa manyan shafuka hari da su. Wanda ya bar ƙofar shagonsa a buɗe a bakin kasuwa ya tafi gida, ba zai zargi maƙerin da ya yi ƙofar ba.

To ko da ma kana so ka yi hakan, a nan wurinmu sau da yawa ba ta yiwuwa. Layukan waya da ƙaramin tsarin Starlink na gida duk a bayan abin da ake kira CGNAT suke ajiye ka, wato adireshi ɗaya na fili ake raba wa mutane masu yawa. Idan ka duba adireshin da aka ba rautarka ka ga ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to ka sani babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa daga waje. Kai ne za ka fita, ba a shigo maka. Haka ƙarfen Kura yake.

Nan ne WireGuard ya shigo. Tun RouterOS 7, wanda ya fito a ƙarshen 2021, yana cikin na'urar, ba sai ka ƙara komai ba. VPN ne, wato keɓaɓɓiyar hanya ta sirri a cikin intanet, mai sauƙin gini, wanda Jason Donenfeld ya rubuta, kuma an shigar da shi cikin Linux a 2020. Ni lungu nake kiransa idan ina yi wa yarona bayani: lungu ne da ke tashi daga gindin ƙarfe ya ɓulla wani zaure da ni kaɗai ke da makullinsa. Zauren shi ne wata 'yar saba, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet, da nake haya a Turai kan daloli kaɗan a wata, mai adireshin fili da ba ya sauyawa. A kanta na ɗora CHR, wato RouterOS ɗin da ke gudu a kan saba. Kowace hEX ita ke kiran zauren daga cikin gida, kwamfutata da wayata su ma su kira shi, sai mu haɗu a can. Ba a buɗe ko ƙofa ɗaya a ƙarfen ba.

Kowane ɓangare na da makulli biyu, na sirri wanda ba ya barin na'urar, da na bayyane wanda ake miƙa wa ɗaya ɓangaren. Abin da ya fi burge ni shi ne shirunsa. Wanda ba shi da makulli, ko ya aika saƙo zuwa ƙofar, ba za a ce masa uffan ba, kamar babu kowa a gidan. Kafin in koma wannan tsari, littafin na'urar ofishina kullum cike yake da jan rubutu na baƙin da ke gwada kalmar sirri dare da rana. Yanzu sai in yi mako ban ga ko ɗaya ba.

Lasisin CHR na kyauta yana taƙaita gudu zuwa 1 Mbps a kowane baki. Don buɗe Winbox da duba shafin rediyo ya wadatar. Ranar da za ka tura sabuwar manhaja zuwa rediyo ne za ka ji nauyinsa. Daga baya na sayi lasisin P1 na dala 45, biya ɗaya ne ba na wata-wata ba. Wahalar da na fi sha ma ba ta saitin ba ce, ta biyan dala ce daga nan gida. Kuma da yake saƙo sai ya je Turai ya dawo, akwai ɗan jinkiri da hannu ke ji idan kana danne-danne. Wanda ya samu saba a Legas ya fi ni morewa.

Akwai abubuwa uku da suka ci mini lokaci a farko, kuma na ga su ne ke kayar da kusan kowa.

Na farko shi ne saitin da aka rubuta persistent-keepalive. Idan ka bar shi babu komai, lungun zai yi aiki daidai lokacin da kake tsaye a wurin kana gwaji, ka koma gida ka tarar ya toshe. Dalili, na'urar kamfanin layi tana manta hanyar da ta buɗe maka idan an ɗan jima ba a bi ta ba. Ka sa daƙiƙa 25, hEX za ta riƙa tura ɗan ƙanƙanin saƙo don hanyar ta zauna a buɗe.

Na biyu shi ya fi ba ni ciwon kai. Na gama komai, ina shiga hEX ta Gezawa lafiya lau daga ofis, amma rediyon da ke bayanta ya ƙi amsawa. Yini guda na yi ina juya dokokin katangar tsaro, ashe matsalar na saman ƙarfe. Rediyoyin Ubiquiti da adireshin 192.168.1.20 suke zuwa daga masana'anta. Na sauya musu adireshi tun da daɗewa, amma ban gyara musu wurin da ake rubuta ƙofar fita ba. Saƙona na isa gare su, su kuma ba su san ta inda za su mayar da amsa ba. Da na rubuta adireshin hEX a wurin, nan take shafin ya buɗe. Tun daga ranar na ba kowane ƙarfe nasa rukunin adireshi, Gezawa daban, Kura daban, kuma na raba hanyar kula da na'urori da hanyar masu shan intanet ta VLAN, wato saitin da ke raba hanya ɗaya gida-gida, don kada yaron shagon buga takardu ya wayi gari yana kallon shafin shiga rediyona.

Na uku agogo ne. Na'urar ba ta da batirin riƙe lokaci, shi kuma WireGuard yana duba lokaci a gaisuwar farko, ba ya karɓar wadda ta girmi ta baya. Idan wuta ta ɗauke ta dawo agogo ya koma baya, zauren zai iya ƙin amsa sallama har sai an daidaita shi. Ka kunna NTP, wato saitin da ke daidaita agogo, ka tabbata yana samun lokaci ta intanet kai tsaye ba ta cikin lungun ba.

Yanzu bari in faɗi wanda ya fi muhimmanci, domin na ɗanɗana shi. Wani daren Alhamis ina gyara dokokin katangar tsaro ta Kura daga gida, na ja dokar hanawa na ɗora ta sama da dokar da ke ba lungun izini. Kafin in ɗaga hannu allon ya daskare. Asibitin da makarantar suna da intanet ɗinsu lafiya, ni ne na kulle kaina a waje. Ban runtsa da kyau ba a daren, domin da wani abu ya lalace kafin safiya, babu yadda zan yi. Bayan sallar Asuba na kama hanya. Baba mai gadi ya gan ni ya ce, “Injiniya, lafiya da sassafe haka? Ai ka ce ka daina zuwa.” Na ce, “Baba, makulli na bari a ciki.” Ya yi dariya ya kawo mini kujera. Da na jona kebul, Winbox ya gano na'urar ta lambar MAC, wato lambar shaidar jikinta, wadda dokar da na ɓata ba ta shafa ba, cikin minti ɗaya na gyara.

Abin da ya dame ni shi ne maganin na nan a saman allon tun farko. Akwai maɓallin Safe Mode. Idan ka danna shi kafin ka taɓa komai, kuma hanyarka ta yanke ba ka fita da kanka ba, na'urar za ta warware duk abin da ka yi ta koma yadda take. Yakan ɗauki har kusan minti tara kafin ta gane ka ɓace, kuma ba ta riƙe sauyi fiye da 100 a zama ɗaya, don haka ka riƙa fita kana sake shiga idan aikin na da yawa. A ganina wannan maɓalli kaɗai ya isa dalilin sayen na'urar ga mai aiki daga nesa. Rediyoyin Ubiquiti ma suna da irinsa, maɓallin Test, wanda ke gwada sauyin na daƙiƙa 180 ya koma baya idan ba ka tabbatar ba. Na kafa wa yarona doka, ni ma ta hau kaina: ba a taɓa na'urar da ke nesa sai da ɗaya daga cikin waɗannan. Kuma idan za a sauya wani abu da dole ɓangarori biyu su dace, kamar kalmar sirrin haɗin faranti, daga na nesa ake farawa, sannan a dawo na kusa. Wanda ya fara da na kusa ya sare reshen da yake zaune a kai.

Wani alherin da ban saye ta dominsa ba shi ne awon wuta. Na'urar na nuna ƙarfin wutar da ke shigarta da zafin jikinta. Tunda daga batir take sha kai tsaye, lambar da nake gani kusan ta batirin ce, ko da yake takan ɗan bambanta da ta mita. A hunturun bara na lura batiran Gezawa masu bolt 24 suna sauka da wuri, tun kafin tsakar dare, alhali sababbi ne. Na kira ɗan mai gadin wurin na ce ya leƙa faifan sola. Ya ce, “Oga, ai ƙura ta rufe shi ruf, ko baƙinsa ba a gani.” Bokitin ruwa da tsumma suka gama maganar. Da ban gani ba, da sai batiran sun mutu na sani. Sai dai a kula, batirin 24 idan yana caji yakan haura 28, iyakar na'urar kuma 30 ce. Ka duba saitin na'urar cajinka kada ta wuce gona da iri.

Ga inda ba ta kai ba, don kada wani ya saya da tsammanin abin da babu.

Ba ta ba rediyo wuta ta kebul. Idan rediyo ya sanƙare a sama, ina kallonsa ya mutu amma ba ni da hannun kashe shi in kunna. Akwai saitin Ping Watchdog a cikin rediyon da ke sa ya tada kansa idan ya daina jin amsa, yana taimakawa, amma ba kullum ba. 'Yar'uwarta hEX PoE, samfurin RB960PGS, tana ba da wuta a baki huɗu, kuma za ka iya yanke wa rediyo wuta ka mayar kana zaune a gida. Ita na sa a Kura daga baya, kuma da yau zan fara, da ita zan fara a duk ƙarfen da ke nesa.

Wurin ajiyarta 16 MB ne kacal. RouterOS 7 ya cinye mafi yawansa, don haka kada ka tara mata fayiloli, kuma ka kwashe kwafin saitinka zuwa kwamfuta duk lokacin da ka yi sauyi. Irin ƙwaƙwalwar da ke cikinta kuma ba ta ɗaukar ZeroTier ko Back To Home, hanyoyi biyu da ke sauƙaƙa wa wanda ba ya son hayar saba. Akwai sabuwar hEX da ta fito a 2024 mai ƙwaƙwalwar ARM da wurin ajiya 128 MB; mai saye yau ya tambayi mai shago wacce yake miƙo masa, domin sunansu ɗaya.

Ba ta waje ba ce. Ruwa ko raɓa ya shige ta, ta tafi. Kamfanin ya ce tana jure zafi har digiri 60, kuma nawa sun wuce bazarar Kano biyu a cikin akwatin ƙarfe ba su yi gardama ba, amma na huda wa akwatin ramukan iska ta ƙasa, na rufe su da raga saboda ƙadangaru da zanzaro, na kuma yi masa rumfa. Tsawa kuwa ba ta san sunan kamfani ba. Kebul ɗin da ya sauko daga saman ƙarfe sai da abin kare tsawa da wayar ƙasa mai kyau.

Sannan ba ta da sauƙin koyo. Wanda ya saba da rautar gida mai shafi uku zai buɗe Winbox ya ga tagogi kamar rumfunan Kantin Kwari. Yarona ya yi wata biyu kafin in bar shi ya taɓa ta shi kaɗai. Ba ta hana ka yin kuskure, duk abin da ka ce ta yi shi za ta yi.

Babban gibin da ya rage shi ne wannan: idan lungun a kan hanyar da ta lalace yake tafiya, to ranar da ka fi buƙatarsa ranar ba ya nan. Farantin Gezawa ya faɗi, hEX ta Gezawa ta ɓace tare da shi. Maganin da na yi shi ne na soka ƙaramin modem mai layin waya a bakin USB, na saita shi ya zama hanya ta biyu da ba ta ɗaukar komai sai lungun. Ba kowane modem take ganewa ba, ka gwada a shago kafin ka biya. Data kaɗan yake ci, abin da kawai za ka riƙa tunawa shi ne sabunta ta kafin ta ƙare.

A farkon daminar bana aka yi wata iska da dare, irin mai zuwa da jan ƙura kafin ruwa. Da Asuba na buɗe waya na shiga hEX ta Gezawa ta layin modem ɗin. Batir lafiya, rediyoyin unguwa lafiya, amma ƙarfin siginar farantin da ke kallon cikin gari ya sauka daga -58 zuwa -76, farantin cikin gari kuma ba zai motsa ba tunda a jikin bango yake. Na kira yarona na ce kada ya ɗauki kwamfuta, ya ɗauki bel ɗin hawa da sifana, iska ce ta juya faranti. Yana sama yana juyawa a hankali, ni ina zaune a tabarma ina karanta masa lamba ta waya, “ƙara dama kaɗan, tsaya, koma”, har ta dawo -59 na ce ya ɗaure. Ƙarfe takwas saura kwata shugabar makarantar ta buɗe ofis, ba ta ma san an yi wani abu ba.